Hoton da Ya Karɓe Zabirar Zailani

Zailani wanzami ne. Ubansa wanzami ne, kakansa ma haka. A garinsu, can ƙasar Kabo ta hanyar Durun, Sarkin Aska ake ce masa. Duk namijin da aka haifa a garin, askar gidansu ce ta fara taɓa kansa. Har daga Masanawa da Kara akan aiko masa da goro in an haihu.

Dogon mutum ne, ba ya yawan magana, dariyarsa kuwa sai a daɗe ba a gan ta ba. Zabirarsa ta jar fata ce, ta tsufa har maratayinta ya koma baƙi. A ciki akwai asake, da ƙaho, da dutsen wasa aska, da ɗan kwanon kaɗa sabulu. Ta kakansa ce. Wanda ke rataye da ita shi ke da gidajen askin garin. Shi ake kira ranar suna, shi ake kai wa yara kaciya, shi ake fitar wa kaso a naman rago.

Kafin Zailani, yayansa Ahmad ne ke rataye da ita. Da idon Ahmad ya fara rauni, Zailani bai jira ba. Ya tara dattawa a ƙofar gida, ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya ajiye silin gashi a kai, ya ce yayansa ya ɗauka. Ahmad ya laluba, ya ɗago yatsu babu komai. Ya ce a bar shi ya sake.

Zailani ya ce, "Idon da ya yi ƙarya sau ɗaya ba a ba shi kan ɗan mutane."

Ya zare zabirar daga kafaɗar yayansa a gaban kowa. Ahmad bai ƙara zama a ƙofar gida ba har ya rasu. Maganar kuwa ta zauna a garin, ta zama kamar doka.

Ahmad ya bar ɗa, Lukuman. Zailani ya riƙe shi, ya ci da shi, ya yi masa aure, ya koya masa sana'a. Amma bai taɓa barin sa ya riƙe aska ranar suna ba. Furfura ta fara fito wa Lukuman a gemu yana nan yana riƙe kwanon ruwa. Da ya gaji, sai ya buɗe shago a bakin titi, ya sayi kilifa da ƙaramin janareta, yana yi wa samari aski. Zailani in ya zo wucewa ba ya ko waiwaya.

"Wannan ba aski ba ne," in ji shi. "Yankan ciyawa ne."

A cikin daminar da ta wuce aka yi wani suna a bayan masallaci. Jaririn ya yi atishawa ana cikin aski, bakin askar ya lashi kunnensa. Ɗan jini ne, wanda ba zai ishi ƙuda ba. Zailani ya danne da yatsa, ya ci gaba. Lukuman yana riƙe da kwano, ya gani. Kafin la'asar mata sun ji a cikin gidaje.

A makon ne matar Alhaji Mahbub ta haihu. Alhaji Mahbub ɗan kasuwar hatsi ne, shi ya fara gina gida mai falo a garin. Matar, Naja'atu, ta ce hannun tsoho ba zai taɓa kan ɗanta ba. Alhaji ya rasa yadda zai yi. Zailani ne ya yi masa askin suna, shi ya yi masa kaciya. Ba a korar wanzamin gado sai da dalili.

Lukuman ne ke zuwa yi wa Alhaji aski a falo ranar Juma'a. Saboda haka ya san hoton da ke jikin bangon.

Alhaji ya sayo shi ne a Kano tare da kujeru, mai kujerun ya ɗora masa a kai. Ba hoton kyamara ba ne, da fenti aka zana shi a kan ƙyalle mai kauri. Dandalin wani birni ne na zamanin da, lokacin da motoci ke da dogon hanci. Babu wanda ya san ko wane birni ne. In ka tsaya a bakin ƙofa za ka ga taron jama'a, da motocin safa, da kekuna, da hasumiya mai agogo, rana tana dukan titi. Kamar ka ji hayaniyar. Amma mai zanen bai yi wa kowa fuska ba. Da gangan ya bar su haka. In ka matsa kusa, ɗigo ne da shafe-shafe kawai. A garin ba a san irin wannan zane ba. Hoton da aka sani shi ne na kalanda da na bayan babbar mota, inda ko gashin bakin zaki sai ka ƙirga.

Lukuman ya faɗa wa Alhaji abin da ke ransa yana cikin gyara masa ƙeya.

Alhaji ya ce, "Ni dai ban ce komai ba."

Wanda ya san mutane ya san wannan amsa amincewa ce.

Ana gobe suna Alhaji ya aika a kira Sarkin Aska ya zo ya karɓi goronsa. Da hantsi ne. Zailani ya tarar da mai unguwa Hammadu da liman a falon, zaune a dogon kushin da ke fuskantar hoton daga ɗaya bangon. Hammadu sa'ansa ne, tare suka tashi. Lukuman na tsugune a bakin ƙofa.

Aka gaisa. Aka tambayi gida, da iyali, da ruwa, da yabanya, da mai jego. Aka yi wa jariri addu'a. Zailani ya zauna a kan darduma, zabira a kafaɗa. Ba ya hawa kushin, ya ce yana haɗiye mutum.

Alhaji ya ce, "Sarki, ka ga hotona kuwa?"

"Tun daga ƙofa na gan shi."

"Me ka gani a ciki?"

"Ga safa biyu, ɗaya ja ɗaya ruwan ƙwai. Ga mai keke ya ɗauko kaya. Ga mace da laima. Ga agogo can sama. Haka Kano take lokacin da na bi mahaifina ci-rani. A gindin bishiya muke shimfiɗa tabarma, motoci na wucewa. Mutum ya zauna, a jiƙa masa kai, ya tashi kamar sabon ƙwai."

Hammadu ya ce, "Ku ji tsoho ya tuna yawon birni. Ai an ce ba aski kaɗai ka yi a can ba."

"Lokacin kai kana bin bayan saniya, ba ka san wando ba."

Liman ya yi dariya har ya dafe rawani. Hammadu ya ce saniyar ma ta fi wasu wanzaman fara'a.

Sai Lukuman ya yi gyaran murya daga bakin ƙofa. Kansa a ƙasa yake.

"Baba, Allah ya ƙara maka lafiya. Kai ka koya mini cewa aikin wanzami aikin kusa ne. Daga nesa ko makiyayi yana gane saniyarsa. Ga wancan mai farar rigar, kusa da jar motar. Da za ka matsa ka faɗa mana, da gemu yake ko babu, kuma wace tsaga ce a fuskarsa."

Dariyar ta mutu. Kowa a ɗakin ya gane abin da ake yi. An taɓa yin irinsa a ƙofar gidan su Zailani, da farin ƙyalle.

Zailani ya dubi Alhaji. Alhaji ya dubi wayarsa.

Karanta tsaga kuwa abin alfaharin Zailani ne. A kasuwar Gwarzo yakan kalli kumatun baƙo ya faɗa masa inda kakanninsa suka fito, wani lokaci har gidan wanzaman da suka yi masa tsagar. Bai ji tsoro ba. Ya miƙe ba tare da ya dafa ƙasa ba, ya nufi bangon.

Da ya yi taku kaɗan sai taron ya fara narkewa. Ƙafar keken da ya gani a zagaye ta zama karkataccen layi. Laimar matar ta koma shafen shuɗi. Ya ƙara matsawa har numfashinsa na taɓa hoton, daidai nisan da yake sa kan jariri. Ya nemi mai farar riga. Rigar na nan, farin shafe biyu. A inda fuska za ta zauna sai ɗigon ƙasa-ƙasa, ba ido, ba hanci, ba baki.

Ya goge ido da hannun riga. Ya sake dubawa. Ya koma kan na kusa da shi, da matar, da direban motar. Duk dandalin babu mai fuska ko ɗaya.

Tun da aka haife shi, abu in ka matso shi ƙara fitowa yake. Bai taɓa ganin abin da ke gudu in an kusance shi ba sai kawalwalniya. Bai zo masa a rai cewa laifin hoton ne ba. Wa zai ɓata fenti ya zana mutum ya hana shi fuska?

Bai juyo ba ya ce, "Hammadu, kai kana ganin sa?"

Hammadu ya kanne ido daga inda yake zaune. "Ga shi nan kuwa, da ɗan gemunsa. Kamar ma bille ne a kumatunsa."

Liman ya ce, "Gemu dai akwai."

Ba za a ce ƙarya suka yi ba. Daga nesa ido kan cike abin da babu. Kuma babu tsohon da ke son ya zama makaho na biyu a ɗaki.

Zailani ya ce, "Ɗakin da duhu."

Lukuman ya tashi da ladabi, ya yaye labule. Rana ta faɗo kan hoton. Ɗigon ya ƙara zama ɗigo.

Zailani ya ce, "A bar ni in…" Bai ƙarasa ba.

Lukuman ya koma ya tsuguna. A hankali ya ce, "Idon da ya yi ƙarya sau ɗaya, Baba." Shi ma bai ƙarasa ba. Babu bukata.

Zailani ya cire zabirar da hannunsa. Bai miƙa wa kowa ba, ya ajiye ta a kan darduma. Ya sa takalmansa ya fita. Goronsa na nan a faranti.

Washegari Lukuman ya aske ɗan Alhaji. Kafin wata ya ƙare an fara ce masa Sarkin Aska.

Zailani ya koma zaman zaure. Yakan buɗe tafin hannunsa ya ga layukan nan ras. Yakan ga tururuwa na jan ƙwayar gero a bakin ƙofa. Amma ya tuna Ahmad ma haka yake cewa, wata rana yana gani, wata rana ba ya gani. Ya yanke cewa ciwon haka yake farawa. Ya sa aka sara masa sanda. Mutane suka fara ɗaga murya in suna gaishe shi, kamar makanta na toshe kunne. Masu wucewa suka daina ɓoye abin da suke yi a gabansa.

Duk ranar suna Lukuman sai ya zo gaisuwa da ɗan nama a leda. Sai ya tsaya a gabansa sosai, zabira a kafaɗa, ya ce da ƙarfi, "Baba, ni ne Lukuman. Ɗan Ahmad."

Sai ya kamo hannun tsohon ya ɗora masa ledar a tafi, ya naɗe masa yatsun a kai.

Mutum ɗaya ce ba ta yarda ba. Badi'a, autar Zailani, mai kitso. Tana aure a garin, gidan wani tela, tana da ciki. Ita ke kawo masa tuwo da rana.

"Baba, jiya kai ka ce mini ɗankunnena ɗaya ya faɗi. Makaho ne ke ganin ɗankunne?"

"Jiya rana ce mai kyau."

"Mu je Gwarzo a duba ka. Mota ɗaya ce."

"A duba me? Na ga abin da na gani."

"To ai ba ka ga komai ba, shi ne maganar."

"Ɗauki kwanonki."

Haka aka ci damina, aka shiga kaka. Aka yanke gero, aka fara kai dawa gida.

Ranar wata Laraba Badi'a ta je yi wa Naja'atu kitso. Sai ga hoton a ɗakin Naja'atu, jingine a ƙasa kusa da gado. Alhaji ya sayo babban talabijin, ya karɓe bangon falo. Badi'a ta zauna a kujerar tsuguno, hoton na daidai gwiwarta. Ta tsaga gashi, ta kalle shi. Ta kama kitso, ta sake kallo. Hannunta ya tsaya.

"Hajiya, wannan ne hoton da Baba ya kasa gani?"

"Shi ne. Ja a hankali, kaina ba ya son zafi."

"Ina fuskokinsu?"

Naja'atu ta yi dariya. "Ai ba su da su. Haka aka zana shi. Ni da nake goge masa ƙura kullum ban taɓa ganin hancin kowa a ciki ba."

Sai ta ji abin da bakinta ya faɗa. Badi'a ta ƙarasa kitson nan ba ta sassauta hannu ba, Naja'atu kuma ba ta ƙara cewa a ja a hankali ba. Da aka gama Badi'a ta ce ba ta son ladan kitso, hoton take so.

Naja'atu ta ce, "Ɗauka. Da ma ya tare mini wuri. Amma ba daga bakina kika ji ba."

Badi'a ta naɗe shi a zane, ta ɗora a kai, ta ratsa garin da cikinta a gaba. Ta tarar da uban a zaure, sanda a kan cinya. Ta jingine hoton a bango inda hasken ƙofa ke faɗowa, ta yaye zanen.

"Fitar mini da wannan."

"Sai ka duba."

Ta durƙusa da ƙyar, ta kai fuskarta gefen hoton, kumatunta na taɓa katakonsa.

"Matso, Baba. Kalle ni. Me ka gani?"

Ya matso.

"Kwallinki ya zarce a idon hagu. Akwai silin gashi a leɓenki, ba naki ba ne."

"Na Hajiya ne. Yanzu kalli na kusa da ni, mai farar rigar."

Ya kalla. Ɗigon nan ne dai. Ya koma kan fuskar 'yarsa, ga gashin ido ɗaya bayan ɗaya. Ya koma kan hoton. Sai ya miƙa yatsa ya taɓa. Fentin ya yi tudu, ya bushe, da sawun burushi a jikinsa. Ya kankare da farce. Ɗigon ya ɓalle ya faɗo a tafinsa, kamar ɓawon ƙurji. A ƙarƙashi ƙyalle ne kawai.

"Babu mai ganin fuska a ciki, Baba. Ko Alhaji, ko Hajiya, ko ni. Lukuman ya sani tun farko."

Zailani ya juya ɓawon fentin a tafinsa. Ya daɗe yana juya shi.

Badi'a ta ce, "A kira mai unguwa da liman. A sa su matso su nuna mana billen da suka gani. Yau ɗin nan zabirarka za ta kwana a gida."

"In ce musu me?"

"Ka ce an cuce ka."

"In ce ni Zailani, mai karanta fuskar baƙo a kasuwar Gwarzo, an nuna mini dagwalon fenti na ajiye zabirar kakana? Babu wanda ya fizge ta. Da hannuna na ajiye."

"To sai me?"

"Makaho ana ja masa sanda, ana ba shi wuri a sahun gaba. Wawa fa? Yara su yi masa waƙa. Har jikokinki sai sun ji ta."

"Kwana nawa za a yi ana dariyar? A yi a gama."

"A garin nan ba a gamawa. Wanda jaki ya kayar ranar aurensa ya daɗe da mutuwa, har yau Na-Jaki ake ce wa 'ya'yansa."

Badi'a ta dafa cikinta. "To bar dattawa. Ga wannan yana tafe. Ranar suna ka karɓi aska ka aske jikanka a gaban kowa. Ba sai ka ce komai ba, hannunka ya yi magana."

"Sai su tambayi yadda idon ya dawo."

"Ka ce Allah ne."

"Lukuman ya san ba haka ba ne. Alhaji ya sani. Ranar da na ce ina gani, ranar za su ba da labarin, suna riƙe ciki don dariya. Muddin ni makaho ne, bakinsu a rufe yake, don su ma ba sa so a san abin da suka yi."

"Baba, hannun Lukuman ya saba da kilifa. Mata na faɗa. Yana danna aska kamar mai fere ƙwarya."

"Shi ne Sarkin Aska."

"Ɗana ne za a miƙa masa."

"Kowa ma ɗan wani ne." Ya watsar da ɓawon fentin. "In maganar nan ta fita daga bakinki, ban yafe ba. Ki ɗauke hoton nan ki kai bayan gida. Ƙyauren akurki ya karye."

A ranar hoton ya zama murfin akurkin kaji, dandalin na kallon ciki.

Daga nan makantar Zailani ta ƙaru. Da, shi kaɗai yake zuwa masallaci. Yanzu sai an ja shi. Ya koyi laluben bango. Ya koyi kallon gefen kunnen mai magana maimakon idonsa. Mutane suka ce Allah sarki, abin ya ci ƙarfinsa. Aka ba shi wuri a sahun gaba, kusa da liman.

Badi'a ta haihu namiji.

Ranar suna, da sassafe, aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan telan. Aka raɗa suna, aka yi addu'a, aka raba goro. Aka zaunar da Zailani cikin dattawa, kusa da Hammadu, sandarsa a kwance a gabansa. Asta ungozoma ta fito da jaririn a cikin zani, ta zauna a bakin zaure ta miƙe ƙafa. Lukuman ya tsuguna a gabanta, ya buɗe zabira. Tsakaninsu da tabarmar dattawa bai wuce tsawon mutum biyu ba.

Hammadu ya ce, "Da kana gani, da ka ga kunnuwanka a jikin yaron nan. Allah ya sa dai bai ɗauko halin ba."

"Allah ya raya."

Lukuman ya zaro aska. Zailani ya san ta, mai ƙotar ƙahon nan ce da ya gada wajen ubansa. Rana ta haska bakinta. Kusa da tsinin akwai ɗan giɓi, ƙarami kamar ƙwayar riɗi. An yar da ita a kan siminti, ba a mayar da ita kan dutse ba. Daga inda yake zaune ya gan shi.

Lukuman ya jiƙa kan, ya shafa sabulu, ya fara daga goshi. Bai ja fatar da babban yatsa ba. Ya tsayar da askar a miƙe maimakon ya kwantar da ita. Ya gama tsakiyar kai, ya gangaro gefen dama, inda fata ke naɗewa a saman kunne. Zailani ya san inda giɓin zai kama tun askar ba ta kai wurin ba. Kalma ɗaya ta isa. Ko sunan Lukuman kawai ya kira, hannun zai tsaya.

Ya sa goro a baki ya tauna.

Jaririn ya tsala kuka. Jini ya gangaro ta bayan kunne ya jiƙa zanin Asta. Ba irin na bayan masallaci ba ne. Asta ta yi salati. Lukuman ya yar da askar, ya danna auduga, audugar ta rine, ya nemi wata. Telan ya miƙe tsaye. Wani ya ce yaron ne ya motsa. Wani ya ce a kawo babur a kai shi asibiti a ɗinke.

Lukuman ya ɗago kai. Bai nemi kowa ba sai ƙanin ubansa. Idonsu ya haɗu. Ba gefen kunnensa Zailani ya kalla ba, cikin ƙwayar idonsa ya kalla, ya daɗe bai ɗauke ba.

Sannan ya juya wajen Hammadu, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Me ya faru ne? Na ji kuka."

An ɗinke wurin. An ce gashi ba zai tsiro a nan ba.

Bayan la'asar, mata na ta shiga da fita da kwanuka, Badi'a ta yafa mayafi ta bar ɗakin jego, abin da ba a yi. Ta bi ta bayan gidaje ta iske uban a zaurensa. Ba ta gaishe shi ba. Ta tsaya a kansa.

"Ka gani, Baba."

"An ce yaron ne ya motsa."

"Asta ta ce askar da giɓi. Kana zaune a gabanta. Ka gani."

"Tambayi gari ko ina gani."

Kaji na ta tsattsagar hoton a bayan gida, ana jin ƙarar bakinsu a jikin ƙyallen.

Zailani ya ce lokacin masallaci ya yi. Sandarsa na kwance kusa da ƙafarsa ta dama. Ya miƙa hannu ta hagu yana shafa tabarma, yana laluba, yana jira ta ɗauko masa.

Badi'a ta kalli hannun, ta kalli sandar. Ta gyara mayafinta ta fita.

Ya saurara har takunta ya ɓace. Sannan ya ɗauki sandar ba tare da ya laluba ba, ya zauna yana jiran wanda zai zo ya ja shi.